Kafin Ɗan Uwa Ya Hau Jirgin Masu Shaƙatawa

Wani sabon zance ya shigo majalisun samari, musamman waɗanda suka gama sakandare ko difloma suka zauna zaman jiran tsammani. Zancen kuwa shi ne na samun aiki a irin manya-manyan jiragen ruwan nan da masu kuɗin duniya ke hawa don su sha iska, su ci, su sha, su yi rawa, jirgi na yawo da su daga wannan tsibiri zuwa wancan. Tallar tana yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok. Za ka ga saurayi cikin fararen kaya yana murmushi, ga teku a bayansa, an rubuta wai abinci kyauta, makwanci kyauta, albashi da dala, kuma ga ganin duniya. Wanda ya shekara uku yana zagaya ofisoshi da takardu a ambulan, in ya ga wannan zuciyarsa ta harba, ba a ga laifinsa ba.

Tun farko ya kamata a faɗi gaskiya: hawa teku don neman halal ba aibu ba ne. Musulmi sun daɗe suna wannan sana'a. Mutanen Yaman da na Somaliya da suka kafa unguwanni da masallatai a garuruwan Kadif da South Shields na Birtaniya, aikin jirgin ruwa ne ya kai kakanninsu can. Yau ma dubban Musulmin Indonisiya a jiragen shaƙatawa suke ciyar da iyalansu. Don haka masu yanke hukunci da ka, su ce duk wanda ya hau jirgin nan ya halaka, sun yi gaggawa. Amma masu rufe ido su afka saboda an ambaci dala sun fi su gaggawa, kuma su ne asararsu ta fi muni, domin su ne ake sayar wa gonar gado a biya dillali.

Bari a fara da jirgin kansa. Wanda ake kira Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, da ya fara aiki a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ga ma'aikata kusan 2,350. Wato gari ne guda a kan ruwa. To amma garin nan hawa-hawa ne, kamar yadda duniyar 'yan jari hujja take hawa-hawa. A sama akwai wuraren ninƙaya, da gidajen abinci, da mashaya, da gidan caca, da ɗakuna masu baranda suna kallon teku. A ƙasa kuwa, daidai da ruwa ko ƙasa da ruwa, nan ne ma'aikata suke. Ɗaki ƙarami marar taga, gado ɗaya bisa ɗaya, mutum biyu a ciki, wani lokaci fiye. Akwai doguwar hanya da ta ratsa jirgin daga gaba zuwa baya wadda fasinja ba ya ganinta, ta nan ake tura kayan wanki da shara da buhunan abinci dare da rana. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da izinin hawa sama ya zauna inda fasinjoji ke zama in ba aiki ne ya kai shi ba. Mafi yawan waɗanda ke sama Amurkawa ne da Turawa. Mafi yawan waɗanda ke ƙasa 'yan Filifin ne da Indonisiya da Indiya. Wanda ke neman a zana masa taswirar mustakbirai da raunana, to ga ta nan an ƙera ta da ƙarfe.

Sai maganar tuta, wadda ita ce asirin harkar baki ɗaya, kuma ita ce samari ba su taɓa tambaya. Manyan kamfanonin nan uku, Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, duk hedikwatarsu a Miyami take, a ƙasar Amurka. Amma a takarda, Carnival a Fanama aka yi masa rajista, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian kuwa a Bamuda. Jiragen kansu mafi yawa tutar Bahamas ko Fanama ko Malta suke ɗauke da ita. Me ya sa? Saboda a dokar teku, dokar ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke aiki a cikinsa. Da tutar Amurka ce, da dole a biya mafi ƙarancin albashin Amurka, a biya kuɗin ƙarin lokaci yadda dokar Amurka ta ce, a biya haraji mai kauri. Sai aka je aka ari tutar wata 'yar ƙaramar ƙasa wadda ba ta da ƙarfin sa ido, kuma ba ta son ta ɓata wa mai biyanta kuɗin rajista rai. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, tun 1948 take yaƙi da wannan dabara ta tutar haya, har yau ba ta ga bayanta ba. Saurayin da ke murna wai ya samu aiki a kamfanin Amurka, ya sani cewa fasinjan ne Ba'amurke, ribar ce ta Amurka, amma haƙƙinsa na ma'aikaci ba a Amurka yake ba.

Ga misali da ya isa hujja. Ranar 25 ga Mayu 2003, tukunyar tururin jirgin SS Norway ta fashe yana tsaye a tashar Miyami, ma'aikata 8 suka mutu, yawancinsu 'yan Filifin. Iyalansu da waɗanda suka jikkata suka kai ƙara kotun Amurka, tunda a ƙasar Amurka abin ya faru. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, ai kwantiragin da suka sa wa hannu ya ce duk wata taƙaddama a gaban masu sasantawa za a warware ta, don haka su koma can ƙasarsu a sasanta. Layi ɗaya a cikin takardar da aka miƙo musu suka sa hannu cikin ɗoki, shi ya rufe musu ƙofar kotu. Irin wannan layi har yau yana cikin kwantiragin ma'aikatan jiragen shaƙatawa da yawa.

Akwai doka, ba a ce babu ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniyar ma'aikatan teku da ake kira MLC a 2006, ta fara aiki a watan Agustan 2013, Nijeriya ma ta rattaba mata hannu a shekarar 2013 ɗin. Amma a duba abin da dokar kanta ta halatta. Ta ce a bai wa ma'aikaci hutun awa 10 aƙalla a cikin kowace awa 24, da awa 77 a cikin kwana bakwai. Mako guda awa 168 ne. A cire 77, saura 91. Ke nan ana iya sa mutum aikin awa 91 a mako ba tare da an karya doka ba, wato awa 13 kullum. Kuma hutun awa goman nan ana iya raba shi gida biyu. Babu Asabar, babu Lahadi, ballantana Juma'a. Kwantiragin ƙaramin ma'aikaci yakan kai wata 6 zuwa 9, kullum aiki, ranar da jirgi ya sauke fasinjoji da safe, da yamma ya kwashi sababbi, kuma ranar ce ta fi kowace wahala ga masu gyaran ɗakuna. In kwantiragi ya ƙare mutum ya dawo gida, albashi ya tsaya, sai in an sake kiransa.

Albashin fa? Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ga ƙwararren matuƙi a 2025 dala 673 ne a wata. In aka juya shi zuwa naira, ido zai raina fata, kuma nan ne tarkon yake. Sai a raba shi da awannin aikin tukuna a ga nawa awa ɗaya ta kama. Masu kai abinci tebur da masu gyaran ɗaki kuwa, kaso mai yawa na abin da suke samu daga tukuicin fasinja yake fitowa, wanda kamfani ke cirewa kai tsaye daga asusun kowane fasinja kullum ya raba yadda ya tsara. Ga kuma takardar da fasinja ke cikewa a ƙarshen tafiya yana ba ma'aikaci maki. In makin ya yi ƙasa, a rage masa teburi ko a mayar da shi baya. Saboda haka murmushin da aka gani a hoton talla wajibi ne na aiki, ko mutum ya samu labarin rasuwar mahaifiyarsa da asuba.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: mai haƙuri da riƙon hannu yana iya tara abin kirki, tunda ba ya biyan haya, ba ya sayen abinci. Akwai waɗanda suka gina gidaje da wannan aiki a Manila da Bali da Goa. Ba a musun wannan. Abin tambaya shi ne me aka biya aka samu.

A nan ne maganar addini ta shigo, kuma a nan ya kamata ɗan uwa ya tsaya ya natsu. Jirgin shaƙatawa ba daga kuɗin tikiti kaɗai yake cin riba ba. Giya da caca suna daga cikin manyan hanyoyin shigar kuɗinsa. Da zarar jirgi ya bar gaɓa ya shiga ruwan da ba na kowa ba, sai a buɗe gidan caca. Kuma duk wanda ya zauna a aji a Islamiyya ya san cewa tsinuwar da ta hau kan giya ba ta tsaya kan mashayinta ba, ta haɗa da mai sayar da ita, da mai ɗaukarta, da mai zuba ta. To mai kai abinci tebur a jirgin nan, ba shi da ikon cewa zai kai shinkafa amma ba zai kai kwalba ba. Hasali ma ana auna ƙoƙarinsa da yawan kwalaben da ya iya tallata wa fasinja. Wanda aka ɗauka aikin mashaya ko gidan caca kuwa, zancensa ya ƙare, babu wani tawili. Kicin ma akwai naman alade a cikinsa safe da yamma.

Amma jirgi ba mashaya ce kaɗai ba. Akwai ɗakin inji, akwai masu fenti da ɗaure igiya da kula da kwale-kwalen ceto, akwai masu wanki da guga, da masu gyaran lantarki da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, da kafintoci, da teloli, da ma'aikatan asibitin jirgi. Waɗannan sana'o'i ne na hannu, kuma wanda ya je da sana'a a hannunsa ya fi wanda ya je da Turanci kawai daraja da albashi da kwanciyar hankali. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ce wa dillali "ko wane aiki ne ina so". Wanda ya ce ko wane aiki, to tire za a ɗora masa. Sunan aikin da ke rubuce a kwantiragi shi ne aikin, kuma canja sashe bayan an hau jirgi abu ne mai wuya da kan ɗauki kwantiragi guda ko biyu.

Salla a jirgi ta halatta, wannan malamai sun gama magana a kansa tun da daɗewa. Matsalar ba ta hukunci ba ce, ta lokaci ce. Jirgi na juyawa, alƙibla na canjawa, agogon jirgi ana matsar da shi gaba ko baya in an ƙetara daga wani yanki zuwa wani. Wanda aka tura jiragen da ke zuwa arewacin Norwe a tsakiyar bazararsu zai ga ranar da ba ta faɗuwa sam, ya rasa ina Magariba ina Isha. Sannan akwai mas'alar ƙasaru da azumi ga wanda tafiya ita ce sana'arsa, wadda hukuncinta ya sha bamban da na matafiyi na yau da kullum a wajen wasu malamai. Duk waɗannan a gaban malami ake warware su tun ana tudu, ba a tsakiyar teku ba inda kuɗin intanet kaɗai ya isa ya hana mutum tambaya. A jiragen da 'yan Indonisiya suka yi yawa akan samu ɗan ɗakin da aka ware don salla, har su yi jam'i, su yi buɗa baki tare. Sabon zuwa ya nemi waɗannan tun ranar farko, kafin ya nemi inda kantin ma'aikata yake. Domin akwai wani ɗakin kuma, mashayar ma'aikata, inda giya ta fi ta sama araha nesa ba kusa ba, kuma nan ne gajiyayyu da masu kewar gida ke taruwa bayan sha biyun dare, maza da mata. Ba a rana ɗaya mutum ke lalacewa a irin wannan wuri ba. Sallar Asuba ce ke fara tafiya, saboda an kwanta ƙarfe biyu, sai sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya.

A gefe guda, Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin shaƙatawa mai suna Aroya daga Jidda a watan Disamban 2024, babu giya babu caca a cikinsa. Wannan ya rage wa Musulmin ma'aikaci matsala ɗaya. Bai rage masa awannin aiki ba, kuma bai ɗauke shi daga hawan ƙasa ba.

Sai haɗari. Yawancin samarin da ke wannan mafarki ko rafin garinsu ba su iya ƙetarewa da iyo ba. Dokar horar da ma'aikatan teku, STCW, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta wa kowa, har mai wanke kwano, ya yi horon farko: yadda ake tsira a ruwa, da kashe gobara, da taimakon gaggawa, da kiyaye kai da abokan aiki. Ba don ado aka sa wannan ba. Kowane ma'aikaci yana da lamba da wurin tsayawa in an busa ƙahon haɗari, kuma aikinsa shi ne ya fitar da fasinja tukuna. Daren 13 ga Janairu 2012, jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gefen tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka mutu. Kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ya bar jirgin alhali akwai sauran mutane a ciki, daga baya aka ɗaure shi shekara 16. Gawar da aka samu a ƙarshe, sai a watan Nuwamban 2014, ta wani ɗan Indiya ce mai kai abinci tebur. Babba mai farin kaya da igiyoyi a kafaɗa ya tsira da ransa, yaron da ke ɗaukar tire ya kusa shekara uku a cikin ƙarfe.

Haka kuma lokacin annobar korona. A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu. An ce fasinjoji su zauna a ɗakunansu, amma ma'aikata fiye da dubu suka ci gaba da dafa abinci suna rabawa ƙofa-ƙofa, suna kwana biyu-biyu, suna ci tare a wuri ɗaya. Da Amurka ta dakatar da zirga-zirgar jiragen shaƙatawa a watan Maris na shekarar, fasinjoji suka koma gidajensu, aka bar dubun dubatar ma'aikata a kan ruwa wata da watanni, ƙasashe sun rufe ƙofa, wasu an tsayar musu da albashi, har aka samu waɗanda suka kashe kansu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a ranar aka ga matsayin kowa.

To in ɗan uwa ya auna duk wannan ya ga zai iya, sai ya kiyayi ɓarayin da ke bakin ƙofa, waɗanda su ne suka fi kusa da shi. Yarjejeniyar MLC ta fito fili ta haramta a karɓi kuɗi a hannun ma'aikacin teku don a sama masa aiki. Abin da ke kansa shi ne kuɗin fasfo, da littafin ma'aikacin teku, da takardar gwajin lafiya ta ƙasa. Kuɗin biza ma mai jirgi ne dokar ta ɗora wa. Saboda haka duk wanda ya ce a turo kuɗin fom, ko kuɗin "riƙe gurbi", ko kuɗin inshora, a wani asusu mai sunan mutum, ɓarawo ne ko da ya sa hoton jirgi goma a shafinsa. Kowane babban kamfani yana wallafa sunayen wakilan da ya amince su ɗaukar masa ma'aikata a shafinsa na intanet, sai a duba ko sunan dillalin na ciki. A Nijeriya hukumar NIMASA ce ke da alhakin rajistar ma'aikatan teku da masu ɗaukarsu. Bizar ma'aikatan jirgi ta Amurka, wadda ake kira C1/D, ofishin jakadancinsu ne ke bayarwa bayan an nuna takardar ɗaukar aiki, babu wani ɗan kasuwa da ke da ita a aljihu. Kuma dokar ta ba mutum haƙƙin ya karanta kwantiragi ya nemi shawara kafin ya sa hannu, ya riƙe kwafinsa. Ya duba tutar jirgin, da sunan aikin, da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa in an sallame shi ko ya yi rashin lafiya, da ko akwai yarjejeniya da ITF, domin masu binciken ƙungiyar suna nan a manyan tashoshi kuma su kaɗai ne sau da yawa ke jin kukan ƙaramin ma'aikaci.

Akwai kuma masu wata muguwar niyya, wai su hau jirgi in an isa Miyami su sulale su ɓace cikin gari. Bizar nan kwana 29 kacal take ba mutum a tudu, kuma ba a cika iya juya ta zuwa takardar zama ba. Wanda ya gudu ya zama abin farauta, ya ci amanar da ya ɗauka, ya kuma toshe hanya ga duk ɗan ƙasarsa da zai nema a bayansa.

Jarrabawar amana kuwa tana iya zuwa tun makonnin farko. A 2013 wani injiniya da bai daɗe da fara aiki a jirgin Caribbean Princess ba ya ga ana zubar da gurɓataccen mai a teku ta wani ɓoyayyen bututu. Ya ɗauki hoto, da jirgi ya tsaya a Southampton ya ajiye aikin ya kai rahoto. A ƙarshen 2016 kamfanin Princess ya amsa laifi, aka ci shi tarar dala miliyan 40. Shekaru ana wannan aika-aika, mutane da yawa sun gani sun kau da kai saboda tsoron rasa kwantiragi.

Wani zai ce, to me ya sa samarin ƙasar da ke da gaɓar teku da man fetur za su riƙa roƙon gurbin wanke kwano a ƙarƙashin tutar Bahamas? Tambayar tana da amsa a tarihi. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya da ke jirgin Apapa na kamfanin Elder Dempster suka ajiye aiki a Libaful saboda wariyar launin fata da wulaƙancin da manyan jirgin Turawa ke yi musu, har sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, da fatan ɗan ƙasa ya yi aiki a ƙarƙashin tutarsa. Masu mulki suka cinye shi da bashi da sakaci da wawura, aka rushe shi a 1995, jiragen aka sayar da su. Makarantar koyon aikin teku da ke Oron a jihar Akwa Ibom tana nan tana yaye ɗalibai, da yawansu kuma suna gamawa su rasa jirgin da za su yi horon teku a kansa, wanda in babu shi ba a ba mutum takardar ƙwarewa.